Garin Ƙarfen Baba Kura

Wani dare bayan isha'i mutanen unguwar maƙera a Roni suka ji wata ƙara, kamar an tsoma ɗanyen nama a tafasasshen mai, sai dai ta ƙi yankewa. Daga maƙerar Baba Kura take fitowa.

Shi Baba Kura gidansu ba a zubar da garin ƙarfe. Duk abin da magagari ya goge, sharewa ake yi a zuba a tulu, don ranar wasan maƙera. Ranar sai babba a gidan ya tara garwashi a kan uwar maƙera, ƙaton ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, a yi ta zuga, ya watsa garin, tartsatsi ya tashi, ya sa hannu ciki ya fitar lafiya. Da haka jama'a ke sanin wuta ba ta cin 'yan gidan. Baba Kura ya daɗe yana lura da halin kowane gari. Na baƙin ƙarfe ja yake tashi, na tagulla yakan ba da kore, wanda ya yi tsatsa kuwa kwanciyarsa yake yi, ko an zuga ba ya kulawa.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, aiki ya canja. Ƙanensa Abu ya koma narka sanholo, wato alminiyam, yana zuba tukwane, farin garinsa kuma a tulun nan ake zuba shi, tunda ƙa'idar gida ba ta ware wani ƙarfe ba. Damina ta ratsa tulun, tsohon gari ya yi jajir da tsatsa, sabo ya cakuɗe da shi.

Ana gobe naɗin Sarkin Maƙera, inda za a yi wasan, Baba Kura ya ce bari ya gwada. Aka zuga, ya watsa, ko tartsatsi ɗaya. Ya ga in haka ta faru gaban jama'a, za a ce wuta ta daina amsa musu. Sai ya tuna Sama'ilu mai walda, wanda ya zo daga Kazaure da doguwar tukunyar iska. Ya taɓa ganin iskar nan ta sa ƙarfe ya ci kamar kara. Ya aika aka kira shi da tukunyarsa. Sama'ilu ya ce iskar tukunya ba irin ta zuga-zugi ba ce, tsurarta ce. Baba Kura ya ce ai iska iska ce, ya tula garin a kan uwar maƙera.

Da bakin wutar walda ya taɓa tulin, sai ya kama fari fat, hasken da ba a iya kallo. Sama'ilu ya ja da baya.

"Baba, kada ka sa hannu."

Ya sa. Kakansa ya sa, ubansa ya sa.

Ko da maƙwabta suka iso, wutar ta cinye kanta. Saman uwar maƙera, wadda masabar kakanni ba ta iya lotsawa ba, ya yi rami, narkakken ƙarfe ya gangara ya daskare a ƙasa. Baba Kura yana zaune, hannun dama cikin riga, yana kallon ramin kamar mai son ya tambaye shi wani abu. Abu ya tafi neman mai magani.

Dela, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ta leƙa ramin, ta dubi rigar.

"To Baba Kura, ita wannan farar, ba a gaya mata ko ku su wane ne ba?"