Yadda Karafan Baffa Zubairu Ya Zama Gini

Ukasha ya yi aure a lokacin hutu, ya dawo Alƙahira da matarsa Murja, daga filin jirgi kuma kowa ya nufi masaukinsa. Shi ya koma ɗakin da yake kwana da 'yan uwansa ɗalibai a Madinat Nasr, inda ake jera katifu kamar an shanya kilishi. Ita kuma ta koma gidan ɗalibai mata, inda namiji ba ya wuce ƙofar bene ko da yana riƙe da takardar aure. A wani shagon kushari, abincin Misirawa na shinkafa da taliya, suke haɗuwa bayan la'asar, tebur a tsakaninsu, ya tambaye ta karatu, ta tambaye shi ko yana cin abinci. Mai shagon ya daɗe yana zaton neman aurenta yake yi, har ya taɓa jan shi gefe ya ba shi shawarar ya daina jan ƙafa, kada wani ya riga shi.

Mafita ta zo ne daga Baffa Zubairu, ƙanin mahaifinsa, ɗan kasuwar Kwari da ke zuwa kasuwar Ataba a Alƙahira sarin abayoyi. A farkon juyin juya halin 2011, lokacin da Turawa ke tattara komatsansu suna barin ƙasar, Baffa ya sayi wani gida mai taya daga hannun wani ma'aikacin haƙar mai. Misirawa na kiran irinsa karafan. Dogo ne, fari, gabansa ya yi tozo sama, kuma a cikin tozon nan gado yake. A ƙarƙashin tozon akwai wata ƙatuwar ƙusa da ke shiga cikin farantin ƙarfe a bayan akori-kura idan za a ja shi. Baffa ba shi da akori-kura, bai kuma iya tuƙi ba. Ya dai ga abu ya faɗi warwas ne ya saya, yana burin wata rana ya ja matarsa Hajiya a ciki zuwa bakin teku a Iskandariyya. Tun daga ranar karafan ke tsaye a wani kango a unguwar Faisal, kyanwoyi na haihuwa a ƙarƙashinsa.

"Ka gyara shi, ku shiga kai da iyalinka," in ji Baffa, ranar da zai koma Kano. "Sharaɗi ɗaya ne. In na dawo, in tarar da shi yadda Musulmi zai zauna a ciki. Kai ne mai karatun fiƙihu, ba sai na faɗa maka ba."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta hana Ukasha sakat, domin shi mutum ne da kan dawo daga bakin titi ya sake taɓa kwaɗon da ya san ya kulle.

Da farko ya kama aiki yadda ya kamata. Ya share, ya kwashe kwalaben da Baturen ya bari yana ta isti'aza, ya shafa wa ƙafafun ƙarfe biyu na gaba giris har suka soma sauka da hawa ba kuka. Ya wanke tankin ruwa. Ya hau rufi ya tarar rana ta farfasa roba a kewayen tagar sama, ya sayo gwangwanin kwalta don ya liƙe. Yana shirin buɗe gwangwanin ne Gidaɗo ya iso.

Gidaɗo ɗan ajinsu ne, mutumin Yola, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, bai kuma taɓa barin musu ya wuce shi ba. Ya zo taya aiki, wato ya zo kallo. Ya leƙa ko'ina, ya shiga ɗan banɗakin, ya jima, sannan ya fito riƙe da kamfas ɗin da ke maƙale a 'yan mabuɗansa, fuskarsa kamar wanda ya tarar da gawa.

"Shehi, ka san inda masan nan ke kallo?"

"Bango."

"Bayan bangon fa? Makka, kai tsaye. Limaminmu ma bai kai shi saiti ba."

Ukasha ya dake. "A cikin gini babu laifi, tare muka karanta. Hanin fuskantar alƙibla ko ba ta baya, na wanda ke fili ne."

"A cikin gini, na ji." Gidaɗo ya sauko, ya kai wa taya shuri. "Ka taɓa ganin gini da wannan? Wannan ƙanin raƙumi ne da aka ɗora wa rumfa. Wanda ke cikinsa a fili yake, an dai rufa masa asiri ne kawai."

Maganar ta bi su har Madinat Nasr, ta raba ɗaki biyu. Wasu suka ce duk abin da ke da bango da rufi gini ne. Wasu suka ce abin hawa ne, wani ma ya ƙara da cewa mazauninsa matafiyi ne har abada, sai ya riƙa yin ƙasaru. Ukasha ya saurari kowa, kuma kamar kullum, wanda ya fi tsorata shi ya bi. Ya yanke shawarar juya masan ya ba alƙibla gefe, domin ihtiyaɗi, wato kauce wa shakka tun daga nesa.

Faɗar ta fi yin sauƙi. Masan na zama ne, an ɗaure shi da notuna a kan tankin ƙazanta daidai. Da ya kwance shi ya juya, sai ya ga mai zama ba shi da inda zai sa gwiwoyinsa, sai dai ya ɗora su a kafaɗa. Dole bangon katako ya matsa. Da bango ya matsa, ƙofa ta daina buɗuwa, ita ma ta ƙaura. Bututun ruwa ya gaza, ya je Ataba ya sayo ƙari. Ranar da ya buɗe bakin tankin ƙazantar kuwa, ya gane cewa Baturen bai tafi da komai nasa ba. Kyanwoyin kangon ma sai da suka kwashe 'ya'yansu. Duk tsawon makonnin nan Gidaɗo na zaune a kan bulo daga nesa, yana karanto masa saɓanin malamai. Gwangwanin kwalta na nan a rufe.

Da aka gama, Murja ta zo gani. Ta yaba gadon da ke cikin tozo, ta buɗe 'yan durowoyi tana murmushi, sannan ta tsaya tana waige-waige.

"Ustaz, ina kicin ɗin?"

"Ga shi kina ciki."

"Nan ai wurin ambuba ne." Ta nuna tukunyar gas ɗin da ta cinye gurbin. "In ta zauna, ni a ina zan tsaya?"

"Bangon ne ya ɗan matso. Saboda ihtiyaɗi."

Ta leƙa banɗakin, wanda yanzu ya fi ko'ina faɗi a gidan. "To Allah Ya ba da lada. In baƙi sun zo sai mu shimfiɗa musu a nan."

Bai ji haushi ba, domin ya lura ta riga ta auna tagogi da mayafinta don labule.

Baffa ya sauka wata ranar Laraba, washegari ya iso kangon, ba shi kaɗai ba: yana gaban wata akori-kura mai farantin ƙarfe a baya, da direba Bamisire yana busa taba. Ukasha da Murja da Gidaɗo na tsaye suna jiran a duba aiki.

"Yalla, ku ɗaure kayan ciki," in ji Baffa tun kafin ya gama amsa gaisuwa. "Mai kango zai yi gini. Yanzu ba mai tambayar takarda, kowa ɗora bene yake. Na samar muku lungu a bayan sitona a Madinat Nasr, kusa da makarantarku."

"Baffa, tashi za a yi da shi?"

"Da ka zaci tayoyin nan na ado ne?"

Direban ya yo baya a hankali har ƙusar ta faɗa cikin farantin da ƙara, aka naɗe ƙafafun gaba, waɗanda suka hau sumul saboda giris ɗin Ukasha. Gidan ya bi titin Faisal yana rangaji, ƙananan motocin bas na ta yi masa oda, Ukasha na manne da tagar motar yana lissafin abin da zai iya tsinkewa. Abu ɗaya ne bai lissafa ba.

Lungun siriri ne, tsakanin bangon sito da bangon wani gida. Hanya ɗaya ce karafan zai shiga, a tsaye, kuma da ƙyar ya bar wurin buɗe ƙofa. Direban ya cusa shi da baya, ya sauke, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya tafi. Sai a lokacin Ukasha ya ga Gidaɗo na laluben kamfas a aljihu. Ya yi masa alamar ya bari da ido, ya yi da gira, har da ƙafa. Gidaɗo ya shiga, ya fito.

"Baffa, akwai magana."

Ya zayyana komai, bai rage ba. Da an bar masan yadda Baturen ya kafa shi, da a wannan lungu gefe zai ba alƙibla. Yanzu da aka juya shi, ya dawo yana kallonta daidai.

"A fito da shi a shigar da gaba mana," in ji Baffa.

"Sai ya ba ta baya, shi ma hanin ya hau kansa."

Baffa ya dubi ɗan wansa. "Wato Bature arne ya kafa shi daidai, kai mai fiƙihu ka karkatar?"

"A can Faisal daidai yake, Baffa."

"To ai ba a Faisal muke ba." Ya cire hula ya sosa kai. Shi mutum ne da ba ya musu da malamai, musamman wanda ya fi tsanantawa. "Ma'alish, ba komai. Ba zan zuba iyali inda za su riƙa kwasar zunubi safe da yamma ba. Dama sitona ya cika. Dilolin abaya zan zuba a ciki, su ba sa zagayawa."

Ukasha ya ga teburin shagon kushari ya dawo ya tsaya tsakaninsa da matarsa. Mayar da masan yadda yake na nufin sake rushe bango, Baffa kuma gobe zai soma loda kaya, abin da ya shiga siton Baffa kuwa ba ya fita sai an saya.

Murja ce ta ɗan rusuna, ta ja mayafi, ta yi magana tana kallon ƙasa.

"Baffa, a gafarce ni. Ɗazu matar mai gadin gidan nan ke ce mini tun da 'yan sanda suka yi ƙaranci, ko keke ba a bari a lungun nan. Na ce to, kaya a cikin abu mai taya, ai an gama wa ɓarawo ɗauri ke nan. Mota kawai zai kawo."

Baffa ya dubi bakin lungun, ya dubi ƙusar da ke leƙe a ƙarƙashin tozo tana jiran duk wanda ya zo da faranti. Ya ga yadda direba ɗaya ya ɗauke gidan cikin ɗan lokaci, yana shan taba.

"Gaskiyarki, 'yata. A cire tayoyin. A ɗora shi a kan bulo."

A nan ne kan Ukasha, wanda ya yi makonni a toshe, ya buɗe. Ya juya ga abokinsa a natse.

"Malam Gidaɗo, don Allah maimaita wa Baffa. Me ya hana wannan abu zama gini?"

Gidaɗo ya ga inda aka nufa, ya soma kame-kame. "To, mas'alar tana da fuskoki..."

"Me ka shura a Faisal?"

"Taya."

"In babu ita fa? Ga bango, ga rufi, ga shi a kan bulo, ba ya zuwa ko'ina."

Gidaɗo ya daɗe yana kallon sama, yana neman malami ko ɗaya da zai cece shi. Bai samu ba. "A zahiri, ya zama gini."

"A cikin gini kuma?"

"Babu laifi," ya faɗa ƙasa-ƙasa, kamar ana cire masa haƙori.

Baffa ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a kan Murja, wadda har yanzu ƙasa take kallo kamar ba ta san an yi ba. "Wato in da taya, a sace mini. In babu taya, halal ne ku zauna. Ni da Hajiya da Iskandariyya fa?"

"Akwai jirgin ƙasa, Baffa," in ji Ukasha.

"Rufe mini baki. Je ka nemo jak."

Kafin magariba karafan ya sauka a kan bulo. Gidaɗo ne ya kwance notunan, bisa umarnin Baffa, wanda ya ce tun da bakinsa ya ɗaura, hannunsa ne zai kwance. Baffa ya jingine tayoyin a bango, ya ja kunnen Ukasha cewa amana ce, wata rana zai buƙace su.

Da sanyi ya shigo aka yi ruwan sama, irin na Alƙahira da ba ya daɗewa, ya zubo ta tagar rufi daidai kan gado. Ukasha ya hau da gwangwanin kwalta, Murja na riƙe masa tsani tana tambaya ko sai an jira fatawa. Daga can sama yana hango tayoyin Baffa a jere a gindin bango, an kwantar da su an cika da ƙasa. Yakuwa ta yi kore shar a ciki.

Da Baffa ya dawo sari, ya ci tuwo da miyar yakuwa a gidan, ya nemi ƙari. Yana wanke hannu a bakin ƙofa ya tsaya yana kallon shukar, ya jima.

"Murja, a ina kika samo yakuwa a garin nan?"

"A cikin amanarka, Baffa. Kullum ina ba ta ruwa."