Kujerun Ƙaiƙayi

Tun daga ƙofar shagon warin ya buge ta, irin na buhun dankalin da aka manta a lungu. Gwana ta toshe hanci da gefen mayafi ta ƙarasa ciki. Kujeru goma sha biyun da ta ƙera suna jere ƙarƙashin fitila, sai ƙyalli suke kamar an shafe su da mai.

Da ƙaiƙayin shinkafa take yin su, daga gonar yayanta da ba ta san takin zamani ko maganin feshi ba. A kwaɓa da ƙaro, a zuba a mazubi mai siffar saƙar zuma, a bar shi ya sha iska kwana ashirin da ɗaya. Waɗannan kuwa kwanansu tara.

"Manaja, wa ya shafa musu fenti?"

"Ni na sa," ya ce, yana fesa turaren ɗaki kamar mai korar sauro. "Mai otal ce za ta zo yau. Wa zai sayi abu busu-busu?"

"Da ruwa a cikinsu fa. Ka toshe musu hanyar shan iska."

Ta danna ɗaya da babban yatsa. Ya lume kamar a ruɓaɓɓen mangwaro, baƙin ruwa ya tsatso, wata farar tsutsa ta biyo baya tana miƙa. Amma abin da ya fi ba ta ƙyama shi ne takardar da aka manna a gindin kowace kujera, ɗauke da sunan gonar Yaya. Shekara shida mutumin nan yana cire ciyawa da hannu, maƙwabta na yi masa dariya.

Mai otal ta shigo cikin farin leshi. Ta sunkuya tana kallon funfunar da ta tsiro kore shar a ramukan kujerar.

"Wannan koren ya burge ni. Yaya kuka yi shi?"

"Halitta muka kwaikwaya, ranki ya daɗe," in ji Manaja, ko kunya babu.

"Arba'in nake so. Sunan gonar ma a bakin ƙofa zan sa a rubuta."

Odar kujera arba'in, Yaya zai sayar da ƙaiƙayin shekara guda ke nan. Gwana ta san haka. Ta kuma san a mako guda sunansa zai yi wari a gaban baƙi.

Matar ta tattare leshinta za ta zauna. Gwana ta janye kujerar, ta kifa ta, ta taka da diddige. Kujerar ta fashe, abin ciki ya malalo a kan tayil yana motsi.

"Hajiya, ba su bushe ba. Ki ba ni kwana ashirin da ɗaya."

Matar ta fice riƙe da hanci, ba ta ce za ta dawo ba. Gwana ta durƙusa tana ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya tana sawa a jaka. A bayanta, Manaja na ta fesa turare.