Rijiyar da Ta Girgiza Sinja

Rijiya goma sha ɗaya na haƙa tsakanin garuruwan Sinnar da Sinja. Goma ana shan su har yau. Ta sha ɗayan, wadda na haƙa wa garinmu, an cike ta da ƙasa ina tsaye ina kallo. Sunana Gado, kuma ga yadda abin ya faru.

Garinmu nesa yake da kogi, tafiyar sa'a biyu a kan jaki. Da damina tafki muke sha. Idan ya ƙafe, sai ruwan Mahmudu. Mahmudu yana da jakuna tara da salkuna, shi da ƙannensa suke ɗebowa daga kogi suna sayarwa gida gida. Wanda bai saya ba, matarsa ta ɗauki tulu ta kama hanya.

A shekarun da ake gina madatsar ruwa a Rusairis, shehun garinmu, Abdussalami, ya tara mutane aka ce in haƙa rijiya a filin da ke gabas da masallaci. Wata biyu ina ciki. A gaba goma sha bakwai dagina ya yi ƙara, na iske dutse shimfiɗe, da danshi a kansa.

A al'adar masu haƙa na ƙasar nan, idan ka iske dutse ba ka fasa shi sai an yanka baƙin bunsuru a bakin rijiya an raba naman sadaka. Kuma ba mai haƙa ke kawo bunsurun ba, masu rijiya ne. Na fito na gaya wa Shehu. Kwana uku ana zama a kan bunsuru ɗaya. Wannan ya ce nasa ja ne, wancan ya ce nasa ya yi ƙanƙanta. Mahmudu yana da baƙi wuluk ɗaure a ƙofar gida. Ya ce na suna ne. Matarsa kuwa ko ciki ba ta da shi.

Rana ta huɗu na gaji. Na sauka, na yi bisimilla, na fasa dutsen. Ruwa ya taso har gwiwata, mai sanyi, ba gishiri. Ran nan babu wanda ya tambaye ni bunsuru. Mata har guɗa suka yi.

Bayan kwana shida, ranar Laraba, an idar da azahar ina zaune a kan gado ina gyaran igiya, sai na ji wani gurnani daga ƙasa kamar lori ya nufo zauren. Gadon ya motsa. Ƙura ta zubo daga jinka, ƙwaryar da ke kan tulu ta faɗi, kaji suka watse. Kafin mutum ya karanta fatiha abin ya ƙare. Babu wanda ya ji ciwo, ko danga ba ta faɗi ba.

Da la'asar kowa ya zo masallaci da nasa bayani. Ladan ya ce bijimin da ke ɗauke da duniya a kan ƙahonsa ne ya gaji ya juya ta zuwa ɗaya ƙahon. Wani ya ce nakiyar da ake fasa duwatsu da ita a Rusairis ce. Wani ya ce baburan ban ruwa, wato injinan jan ruwa da aka jera a bakin kogi, su ne suke tsotse ƙasa ta ƙarƙashi. Mahmudu yana gefe yana jan carbi, sai da aka yi shiru ya yi magana.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji shi. "Amma tun da kakanninmu suka sauke kaya a nan ƙasa ba ta taɓa motsi ba. Me aka yi sabo a garin nan?"

Bai dube ni ba. Sauran ne suka dube ni.

Ranar Asabar ƙasa ta sake motsawa, kaɗan, wasu ma ba su ji ba. Amma kafin magariba an gano tsaga a bangon masallaci, ta gefen rijiya. Na ce musu tsagar nan tun bara take, ni da kaina na taɓa cusa mata laka, kuma baƙar ƙasar nan kowane rani sai ta dare har ƙafar jaki ta shige. Suka ce ba su tuna ba. Ladan, wanda ya riƙe mini kwanon lakar, shi ma bai tuna ba.

Mata suka daina zuwa rijiya. Na shiga gida na tarar da jakin Mahmudu yana fita, Asibi matata tana rufe randa.

"Ke ma?"

"Malam, ni ban ce rijiyarka ce ba."

"To me kika ce?"

"Na ce ƙishirwa muke ji, kuma ba zan je in tsaya ni kaɗai a fili gari na leƙena ba. Ka je ka sha, ai kai ka haƙa."

Na je na sha, guga guda, a gaban kowa. Ba abin da ya same ni, kuma ba wanda ya fasa maganarsa.

Shehu ya kira ni. Ya ce mutane suna so a cike rijiyar, shi kuma ba ya son ya yi mini haka ba hujja. Ya ba ni zuwa Juma'a in kawo abin da zai nuna ba ita ba ce.

Na yi tunani irin nawa. Idan rijiyar ce, a garinmu kaɗai za a ji. Idan an ji a wani wuri, magana ta ƙare. Na hau jaki na tafi Sinja ranar kasuwa, na bi rumfa rumfa ina tambaya. Mai gahawa ya ce finjalinsa uku suka faɗo ranar Laraba. Wata mai tuyar ƙosan da suke kira ta'amiyya ta ce man ya yi tangaɗi a kasko. A tashar lori na sami Salmanu, Bahaushe ɗan garin Hajj Abdalla, direban da ke kai kaya Rusairis. Ya ce an ji har can. Ya ce shi ma da fari ya ɗauka nakiya ce, amma wani muhandis, wato injiniya, da ya rage wa hanya ya ce masa nakiya ba ta kai nan ba, wai can ƙasa sosai akwai tsoffin tsagogi a cikin dutse, wani lokaci ɓangare ɗaya ya ɗan zame.

"Zurfin nawa?" na tambaye shi.

"Ya ce ko ka haɗa igiyoyin Sinja duka ba za su kai ba."

"Za ka faɗi haka a gaban shehunmu?"

"In akwai abinci, Kawu, zan faɗa sau biyu."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Salmanu ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi komai, finjalai da kasko da muhandis. Ina kallon fuskoki ina jin daɗi. Mahmudu ya ajiye carbinsa.

"Malam direba, ka ce har Sinja?"

"Har Sinja. Har gaba ma."

"Ranar Laraba, bayan azahar?"

"Daidai."

Mahmudu ya juya wajen Shehu, murya ƙasa ƙasa. "Baba Shehu, da muna cewa abin namu ne mu kaɗai. Ashe ya kai Sinja. In hukuma ta bi sawu ta gano daga inda ya taso, wa za a kama? Mu da ake kira baƙi har gobe?"

Nan take wurin ya juye. Salmanu ya ce, "Jama'a, ba haka na ce ba," amma ba mai sauraro. Na ce rijiya mai gaba goma sha bakwai ba ta girgiza Sinja, ko akuya ta san haka. Ladan ya ce ni da na fasa dutse ba yanka ba ni da bakin kiran akuya. Na ce to ga bunsuru, ni zan saya yau in yanka. Ya ce yankan bayan fashi ba ya karɓuwa. Na tambaye shi a wane littafi ya gani. Ya ce in ji tsoron Allah.

Shehu bai dube ni ba da ya yanke magana. Ya ce, "Gado, ka yi haƙuri. Tsoron mutane ya fi ƙishirwarsu."

Da safe suka fito da kwanduna. Ƙasar da na fitar wata biyu, a yini ɗaya da rabi suka mayar. Aka miƙo mini kwando na ƙi karɓa. Ban tafi ba kuma, na tsaya har ƙarar faɗuwar ƙasa a ruwa ta daina, don in ga wanda ya fi kowa zafin nama. Ba Mahmudu ba ne. Shi yana can hanyar kogi, yana da aiki.

Na ce a raina ba komai, ƙasa za ta sake motsawa, ran nan zan bi su gida gida in tambaye su wace rijiya ce kuma. Na jira damina ta wuce. Na jira rani. Aka gama madatsar, aka ƙara babura a bakin kogi, Ladan ya rasu.

Shekara tara ke nan, ko cokali bai motsa ba. Yanzu idan baƙo ya zo, wurin suke kai shi su nuna masa inda aka toshe girgizar ƙasa. Har yau ban san abin da ya motsa ta ba, na dai san ba ni ba ne. Duk wanda na gaya wa haka sai ya ce, "To Malam Gado, tun da aka cike, ta sake?" Sai in ce masa a'a, don ba ta sake ba.