Ƙofar Tarbar Jam Khizar

Kakar tseren jif ta bana ba ta yi wa kowa daɗi ba, sai masu sayar da taya da masu taraktar janyo mota. Haka Jam Khizar yake faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi, kuma a nan kam bai yi ƙarya ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, shi kansa yana sahun gaba cikin waɗanda suka lalata ta.

Safiyar tseren ƙarshe, a sansanin da aka kafa a bakin hamadar Rohi, yana kishingiɗe kan gadon igiya a gaban tantinsa da kofin shayi a hannu, yana bin motocin mutane da harara. Ƙanin matarsa, Shafqat, wanda ke zama gefensa a mota yana faɗa masa hanya, yana tsugune yana goge hular kwano.

"Dubi waɗancan," in ji Jam Khizar, ya nuna da leɓe. "'Ya'yan mai masaƙar auduga. Riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, har mai ɗaukar hoto suka ɗauko daga Lahore. Babbansu ya saki sitiyari yana ɗaga wa kyamara hannu, sai ga mota ƙafa sama kamar kyankyaso. Tir!"

"Ai sun kai ƙarshe a tseren hamadar Thal, Yaya."

"Wa ya tambaye ka? Ga kuma likitan nan na Multan da ya yo hayar direba daga ƙasar waje, wai gwani. Gwani ya ci shinkafar biryani sau ɗaya, aka yi tsere aka gama yana bayan tanti riƙe da buta." Ya kurɓi shayi, idonsa ya sauka kan wata tsohuwar jif kore da aka ɗaure bonet ɗinta da igiya. "Shi kuwa Malik Dilawar, don Allah wannan mota ce ko akurkin kaji? Ubansa ya yi tsere da ita, shi ma yana yi, da tana da baki da ta kai su ƙara."

Shafqat ya ci gaba da goge hular, don ya san inda gizo yake saƙa. Direbobin wannan yanki suna da wata al'ada tun zamanin da ake tsere da motocin gona. In kaka ta ƙare, dattawansu kan zauna su zaɓi wanda ya fi kowa ba da kunya, su rataya masa ƙararrawar raƙumi a gaban mota. Ba ya cire ta sai wata kakar ta ƙare. Duk garin da ya shiga ana jin zuwansa tun daga nesa, yara su bi shi suna kukan raƙumi. Bana mutum biyu ne ba su taɓa kai mota ƙarshen tsere ba, Malik Dilawar da Jam Khizar. Baba Sikandar, babban dattawan, ya yanke magana a gaban kowa cewa wanda ya riga ɗan'uwansa tsallake layi yau ya tsira, ɗayan ya ɗauki ƙararrawa.

Shi Dilawar ko ba komai yana da uzurin tsohuwar mota. Jam Khizar fa? Motarsa ta fi ta kowa tsada, sai da gonar mangwaro guda ta tafi kafin ta zo. A tseren farko ya kafe cikin yashi saboda ya ce ba za a rage masa iskar taya ba, wai mota tana muni. A na biyu Shafqat ya ce hagu, shi ya ce ai ƙasar kakanninsa ce ya san ta, ya bi sawun shanu har cikin garken wani makiyayi. A na uku ya sa aka manna hotonsa a gaban mota, ƙato, ya toshe wa lagireto iska, inji ya dahu. Amma ka ji shi yana zagin mutane, ka rantse kofunan nasara sun cika masa ɗaki.

Ana cikin haka Munshi Rab Nawaz, wakilin gonakin gidansu, ya iso yana sunkuyawa.

"An gama komai, ranka ya daɗe. Mutanen ƙauyuka sun iso tun asuba, makaɗa sun iso, rago yana ɗaure. Mahaifinka ma an kawo shi, yana cikin rumfa."

"Ƙofar fa?"

"Ƙofa kam ba a taɓa kafa irinta a Rohi ba. Ta alƙalan tsere in ka ajiye kusa da ita, sai ka ce ƙofar bayan gida. Na kafa ta inda ya dace da darajarka."

"Me ka faɗa wa mutane?"

"Abin da ka ce. Jam zai ci tsere yau."

Jam Khizar ya gyaɗa kai yana murza gashin baki. Ba zai iya tara manoman ubansa ya ce su zo su ga ya guje wa ƙararrawa ba. Su kuwa ina ruwansu da lissafin lokaci, in suka ga mota ta iso ai an ci. Bai tambayi inda darajar tasa ta sa aka kafa ƙofar ba.

Aka fara sakin motoci ɗaya bayan ɗaya. Dilawar ya riga shi tashi, akurkin nasa yana tari. Da aka ɗaga wa Jam Khizar tuta, wani abin mamaki ya faru, ya yi tuƙi kamar mai hankali. Tsoro ne ya gyara shi, ba wani abu ba. Shafqat ya ce dama, ya yi dama. Ya ce rage, ya rage. Suka haye tudun yashi suka gangara, suka ratsa busasshen fili mai tauri, suka wuce gwanin direban likita yana tsaye gefen mota yana waya. Wajen tsakiyar hanya sai ga jif kore a gefe, tururi na tashi daga bonet, Dilawar yana ɗura mata ruwa da tulun da ya aro wajen wata mata.

Jam Khizar ya rage gudu, ya leƙo.

"Malik! Shayi kake dafawa? A sa mana madara!"

Ya taka totur ya bule shi da ƙura. Dariya ya dinga yi har tana shaƙe shi cikin hula, yana dukan sitiyari. A ransa har ya tsara wanda zai saya wa yaran gari alewa ranar da Dilawar zai fara shiga kasuwa.

Rana ta karkata lokacin da suka hango tutoci. Sai Shafqat ya miƙe zaune sosai.

"Yaya, wancan ba layi ba ne."

Ƙofa ce, ƙatuwa, an naɗe ta da jan yadi da furanni, hoton Jam Khizar a sama yana kallon gabas. Ta tare hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Can bayanta, nisan da mai ƙarfi zai iya jifa sau biyu ya kai, ga 'yar ƙofar alƙalai da layinta, mutum yana iya ganin Baba Sikandar zaune kan kujera. Tsakanin ƙofofin biyu babu komai sai fili. Gaban ta farko kuwa mutane ne, ƙauyuka guda.

"Danna oda! Kada ka tsaya!" in ji Shafqat.

Ya danna. Jama'a suka ɗauka gaisuwa ce, suka amsa da ihu, ganguna suka ɓarke, wasu suka saki bindiga sama. Wani tsoho ya jawo rago ya kayar daidai gaban taya. In ba zai taka mutanen ubansa ba, dole ya taka birki. Kafin mota ta gama tsayawa an buɗe ƙofa, an kwance masa bel, an zare hula, an ɗaga shi sama. Furanni suka sauka a wuyansa har suka rufe masa haɓa.

Ya hango Munshi a ƙasa yana washe baki. Ya sunkuyo iya ƙarfinsa.

"Kai, wane jakin ne ya ce ka kafa ta nan? Bayan layi na ce!"

"Haba, ranka ya daɗe," in ji Munshi, da alamar an ɓata masa rai. "Ƙofar Jam a bayan ta ma'aikata? Su fara tarbarka kafin mutanenka? Ai da mahaifinka ya kore ni daga aiki. Tun kakanka, duk inda aka je tamu ce a gaba."

"Ka ce su sauke ni."

"Ƙafar wanda ya ci ba ta taɓa ƙasa sai a gaban mahaifinsa, ka fi ni sani." Ya matso, ya rage murya. "Sai dai in ba a ci ba. In haka ne faɗa musu da bakinka, yanzu za su sauke ka."

Jam Khizar ya dubi fuskokin da ke ƙarƙashinsa. Mutanen da ke cire takalmi kafin su shiga zaurensa ne, waɗanda ya saba kira da kai da ke ko sun haifi ubansa. Ya dubi rumfa, inda tsohon yake zaune da rawani sabo, an tallafe shi, yana share hawayen farin ciki da gefen mayafi. Magana ɗaya ce. Ya ce ban ci ba, ban ma gama ba, na ƙarshe nake gudun zama. Su sauke shi, ya koma mota, ya ƙarasa ɗan filin nan. Shafqat, da shi ma aka ɗaga, yana can yana ihu yana nuna baya da hannu biyu.

Tarin aka fara ji. Jif kore ta ɓullo daga bayan tudu, taya ɗaya a sace, tururi yana binta, tana tafiyar da mai keke zai wuce ta. Dilawar ya ga cunkoso, ya kauce hanya, ya zagaye ƙofar ta cikin ƙaya. Da ya zo saitin Jam Khizar sai ya leƙo, ya dafa ƙirji kamar mai gaida babba.

"Barka da nasara, Jam!"

Jama'a suka ji abokin hamayya da kansa ya sallama, ihu ya ninka. Har a lokacin da sauran dama, don motar Dilawar ta mutu a tsakiyar filin, yana ta murza makulli tana gurnani. Waɗanda ke ɗauke da Jam Khizar suka juya da shi wajen rumfa. Ya waiwaya ya ga baƙin hayaƙi ya fito, jif kore ta motsa ta nufi layi, Baba Sikandar ya miƙe daga kujera.

Sai ya juyo da fuskarsa wajen mutanensa, ya gyara furannin wuyansa, ya ɗaga hannu sama yana amsa gaisuwa.