Kirinjijiya Ba Baƙuwa Ba Ce

Kai ma ka sha wucewa ta bakin tafkin Fagam, ka ga tifa tana juye ƙasa a gefensa, ka kawar da kai. Munira Iliyasu ba ta kawar ba.

'Yar garin ce, ta karanta ilimin halittu, ta dawo tana bin laka tana tsintar gashin kirinjijiya, agwagwar dajin nan mai fito. Inna Hajjo mai fura ta tare ta:

"Wane bokan ne ya aiko ki? In miji ne, ba sai kin shiga taɓo ba!"

"Bokana na'ura ce, Inna," in ji Munira tana dariya.

Alhaji Sada mai motoci ne ke son cike tafkin ya yi tashar lodi. A gaban dagaci ya ce tsuntsayen baƙi ne, 'yan ci-rani, in sun rasa nan sai su ƙara gaba. Dagaci ya ce in baƙi ne a cike, amma da Munira ta ce ba baƙi ba ne, ya ɗaga mata ƙafa har gwajin gashin da ta aika ƙasar waje ya dawo.

Ranar zama ta miƙe da gashi ɗaya a hannu.

"Ranka ya daɗe, ruwan kowane yanki yana da alamarsa, masana suna kiranta aisotof. Gashi yana tsirowa da alamar ruwa da abincin wurin, kuma ba ta gogewa. Na aika gashin tare da ruwa da ciyawar tafkinmu, sun zo ɗaya. A nan tsuntsayen suke zubar da gashin fiffike, su zauna ba sa iya tashi har sabo ya fito. Ina za su ƙara gaba, Alhaji? Da ƙafa?"

Aka tuntsire da dariya.

"Wato yanzu agwagwa ta zama 'yar Jigawa?" in ji Alhaji Sada.

"Tun kafin a yanko jihar daga Kano," in ji Hajjo daga baya. "Kai ne ma ka zo jiya!"

Dagaci ya ce ba a korar ɗan gari daga gidansa. Tifa ta juya, Munira ta soke gashin a ɗankwalinta ta ratsa kasuwa.

Akwai wani tafkin a hanyar Sara, an fara zuba masa shara. Ka san shi. Tashi ka je wurin mai unguwarku yau, ka ce a daina.