Wankan Kaka Rauza

Tsohuwar ta miƙa hannunta na dama, ta ce Hamamatu ta sake nuna mata yadda ake yi. Hamamatu ta ajiye kwanon miyar da ta kawo, ta kama hannun, ta shafa daga yatsu zuwa gwiwa kamar tana zuba ruwa.

"Dama kafin hagu, Kaka. Haka muke yi a Zongo, unguwarmu can gida."

Kaka Rauza ta gyaɗa kai. Ƙofarta na kallon ta Hamamatu a wani bene na unguwar Al Warsan. Mutuniyar Kazan ce ta ƙasar Rasha, ɗanta Marat mai aikin jigilar kaya ya kawo ta Dubai bayan ƙafafunta sun gaza. Da guntun Turanci da guntun Larabci suke hira, sauran kuma da hannu.

Kullum zancenta Kazan. Ta ce kogin Volga kan daskare har mutane su taka shi da ƙafa. Ta ce tana yarinya masallacin unguwarsu rumbun ajiyar kaya ne, gwamnatin lokacin ta ƙwace shi. Kakarta ce ke wanke matattu a ɓoye, a sauke labule, a tsayar da wata a bakin ƙofa. Amma da uwar Rauza ta rasu, kakar ta riga ta tafi. Mutanen masana'antar da uwar ke aiki ne suka zo da masu busa ƙaho, suka sa ta a akwati da rigar biki, ba wanka, ba salla. Abin da Rauza ke tsoro ke nan. Marat yaron kirki ne, in ji ta, sai dai ko Fatiha bai iya ba.

Ran nan ta sa aka jawo mata ƙunshi daga ƙarƙashin gado. A garinsu kowace tsohuwa takan haɗa nata tun da ranta: farin yadin likkafani, sabulu, tawul.

"Ke za ki wanke ni, 'yata."

"In Allah ya so, Kaka. Amma ki daina kiran abin, sai ya zo."

Ranar da ya zo, Hamamatu na wurin aiki, a wani kamfanin wanki da guga a Dubai Investments Park, inda ake kulle wayar ma'aikata har a tashi. Da ta dawo, an riga an ɗauke gawar. Ta yi ta buga ƙofa, ta yi ta kiran lambar Marat, shiru. Ta je asibiti, aka ce ita ba dangi ba ce.

Sai da Marat ya gama da takardu ya dawo gida, idanunsa jawur. Ya ce an shirya komai, an liƙe akwatin, jirgi zai kai ta Kazan a binne ta kusa da uwarta. Ya kai wa masu shirya gawar shuɗiyar rigarta mafi kyau, sun sa mata. Ya faɗa yana kallon Hamamatu kamar mai jiran a ce ya kyauta.

"An yi mata wanka?"

"Sun tsabtace ta," in ji shi. "Ƙwararru ne."

Ta tambaye shi ƙunshin. Sai ya ja ta ciki. A wurinsu idan an yi rasuwa ana rufe madubai, wannan kaɗai ya tuna daga yarintarsa. Ya nemi zane, ya ga sabon fari a ƙunshin ƙarƙashin gado, ya sa almakashi ya raba shi: ɗaya a madubin falo, ɗaya a na banɗaki, babban a madubin kabad ɗin ɗakin tsohuwar.

Hamamatu ba ta gaya masa ko mene ne ba. Ya shiga kicin ya ɗora mata shayi. Ta zauna a bakin gadon da rigar aikinta, hannayenta a kan cinya, duk sun tsage da ruwan sabulun kamfani.