Rigar da Ummuhani ta ɗinka wa akwati

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba.

A shekarar da layin burodi ya fara tsawo a Gadarif ta ƙasar Sudan, Kawu Mijinyawa mai ɗaukar hoto ya sayo wani baƙin akwatin ƙarfe daga Khartum. Bai fi katan ɗin sabulu girma ba. Aljihuna huɗu ne a gabansa, kowanne da faifai a ciki da 'yar koriyar fitila a sama. Ta baya akwai fanka da wayar da ke haɗa shi da kwamfutocin shago, gefensa kuma duk ƙananan huji.

"Faifai ɗaya ya mutu, fitilarsa ta koma ja, a canja shi, shi ke nan," in ji Kawu. "Biyu ne dai ba a so."

A ciki ya zuba muryar Nagoggo, kakarsu marigayiya, awa goma sha ɗaya tana ba da labarin tahowarsu a ƙasa daga Haɗeja. Kaset-kaset ɗin da aka fara naɗar muryar sun riga sun lalace, ya zubar.

Da ya tafi Doka ɗaukar hoton girbin riɗi, Ummuhani, 'yar ƙanwarsa, ya bar wa mabuɗin shago. A gidansu kuwa ba a barin abu mai daraja tsirara. Talabijin da rigarsa, keken ɗinki da rigarsa. Ta ga ƙaiƙayin da manyan motoci ke watsowa yana taruwa a hujin nan, tausayi ya kama ta. Kwana biyu ta yi tana ɗinka masa riga mai kauri, da furanni da geza, ta rufe shi ruf har ƙasa. So take Kawu ya dawo ya yaba.

Mako uku yana rufe. Ran dawowar Kawu ta cire rigar za ta kaɗe, ƙarfen ya ƙona mata yatsa. Fitilu biyu sun yi ja.

Kawu bai ko sha ruwa ba ya kira Mujtaba mai gyara. Mujtaba ya zare aljihunan ɗaya bayan ɗaya, ya kai kunne, ya girgiza kai.

"Ya Hajj, tanda ka saka shi? Fankar lafiyarta lau, iska ce ba ta samu ba."

"Tanda kuma? Ga shi nan a sarari! Kai dai ka ce kayanku na banza ne."

"Na farkon ya fi kwana goma da mutuwa. Ba wanda ya ga fitila?"

Kawu ya zauna a kan benci, ya cire hula. "To muryar tsohuwa fa?"

"Malesh, sai haƙuri," in ji Mujtaba.

Ummuhani tana bakin ƙofa, rigar a dunƙule ƙarƙashin mayafinta, har yanzu da ɗuminta. Ta yi ƙoƙarin tuno sunan rijiyar da Nagoggo ta ce a nan ta binne ɗanta na fari. Sunan ya ƙi zuwa. Suna sunkuye kan faifan ta ajiye mabuɗi a kan tebur, ta bi bayan wani amalanken buhuna ta shige kasuwa.